Waiwaye: Gundumomi uku marasa hukuma a Tsibirin Prince Edward

Tsibirin Prince Edward shi ne auta a cikin lardunan Kanada guda goma, ko ta faɗin ƙasa ko ta yawan jama'a. Girmansa kimanin murabba'in kilomita 5,660 ne, mutanensa kuwa 154,331 a ƙidayar 2021. A taswira an raba shi gida uku: gundumar Prince a yamma, Queens a tsakiya, Kings a gabas. Wanda ya saba da ƙaramar hukuma mai shugaba da kansiloli da sakatariya zai sha mamaki a nan, domin babu ko ɗaya cikin ukun da ke da majalisa. Ba su karɓar haraji, ba su gyara hanya, ba su biyan kowa albashi. Dalili kuwa shi ne tun asali ba don a mulki mutane aka shata su ba, don a raba ƙasa ne.

Mutanen Mi'kmaq ne 'yan asalin wurin, suna kiransa Epekwitk. Faransawa suka zo suka raɗa masa Saint-Jean, suka riƙe shi har zuwa 1758 lokacin da sojan Birtaniya suka kwashe akasarin manoma masu jin Faransanci suka loda su a jiragen ruwa. Yarjejeniyar Paris ta 1763 ta tabbatar wa Birtaniya da tsibirin. Sai aka turo wani hafsan soja haifaffen Holan, Samuel Holland, ya yi safiyo. Ya iso a watan Oktoba 1764, sanyi na kawo jiki, shi da mutanensa suka yi ta awon gaɓar teku cikin hunturu, a 1765 kuwa taswira ta kammala.

Tsarin da ya fitar kamar an yanka shi da wuƙa. Gundumomi uku, kowace wajen eka 500,000. A ƙarƙashinsu shiyyoyi 14, a ƙarƙashin shiyyoyin kuma manyan feguna 67, kowane wajen eka 20,000. Sunayen gundumomin duk fadanci ne ga gidan sarauta: Kings don Sarki George na Uku, Queens don matarsa Sarauniya Charlotte, Prince don ɗansu yarima mai jiran gado. Kowace gunduma an ware mata filin gina hedikwata a bakin ruwa: Georgetown, Charlottetown da Princetown. Garuruwa ne a kan takarda, ba a kafa ko bukka ba tukuna. Mi'kmaq kuwa ba a ware musu ko taki ɗaya ba. Sai a 1870 ne wata ƙungiyar agaji ta Landan ta saya musu ɗan tsibirin Lennox.

A watan Yuli 1767 aka zauna a Landan aka jefa ƙuri'a, a rana ɗaya aka rabe feguna 64 tsakanin hafsoshin soja, 'yan siyasa, attajirai da masu uwa a gindin murhu. An gindaya musu sharuɗɗa: su riƙa biyan kuɗin ƙasa duk shekara, su kuma kawo mazauna cikin shekara goma, mutum ɗaya ga kowace eka 200. Da wannan kuɗin aka yi niyyar tafiyar da gwamnati lokacin da aka cire tsibirin daga ƙarƙashin maƙwabciyarsa Nova Scotia a 1769, aka naɗa Walter Patterson gwamna na farko. Akasarin masu filayen ba su biya ba, ba su kawo kowa ba, da yawa ma ba su taɓa taka tsibirin ba har suka mutu. Gwamnatin da ta kasa biyan albashin ma'aikatanta, ina ta ga kuɗin kafa hukumomi uku a ƙarƙashinta?

Nan ne tushen rikicin da ya ci shekara ɗari. Baƙi daga Scotland da Ireland da Ingila suka yi ta zuwa, sai su tarar ƙasa duk da mai ita. Mutum zai karɓi hayar daji, sau da yawa ta shekara 999 a kan sule ɗaya kowace eka, ya sare itatuwa, ya tumɓuke kututture, ya mai da wurin gona, amma in bashin haya ya taru a kansa sai wakilin mai fili ya kore shi, guminsa ya tafi a banza. A shekarun 1830 William Cooper ya jagoranci masu neman a ƙwace filayen waɗanda suka karya sharaɗi, Landan ta yi kunnen uwar shegu. A 1864 manoma suka kafa ƙungiyar 'yan haya, suka yi alkawarin daina biya gaba ɗaya. Suna da ƙahonni na gwangwani: da an hango jami'in kotu ya doso da takardar ƙwace kaya, sai wani ya busa, maƙwabci ya amsa, kafin ya iso ƙofar gona jama'a sun cika hanya. Sai da aka kawo soja daga Halifax, babban birnin Nova Scotia, a 1865.

A nan aikin gunduma ya fi fitowa fili, kuma ba ta fuskar da talaka zai so ba. Kotu, kurkuku da jami'in da ke aiwatar da hukunci, duk bisa gunduma aka tsara su. Ga manomin wancan zamani, hedikwatar gunduma wuri ne da ake kai mutum ƙara.

Maganar ƙasa ce ma, tare da bashin layin dogo da aka soma a 1871, ta tura tsibirin cikin tarayyar Kanada. A Charlottetown aka yi taron 1864 da ya share fagen tarayyar, amma masu masaukin suka noƙe, ba su shiga ba sai ran 1 ga Yuli 1873, bayan Kanada ta ɗauki bashin jirgin ƙasan ta kuma ba da dala 800,000 don a sayi filayen. Dokar 1875 ta tilasta wa manyan masu filaye sayarwa. Tabon bai goge ba: dokar kare filaye ta 1982 ta ƙayyade wa mutum ɗaya eka 1,000, kamfani kuma eka 3,000.

Hedikwatocin uku kuwa kowace da yadda ta kaya. Charlottetown ta zama babban birni. Princetown ba ta taɓa zama gari ba, filinta gonaki ne har yau. Kotun gundumar Prince ta zauna a St. Eleanors, a 1876 ta koma Summerside, garin da Holland bai zana ba amma sassaƙa jiragen ruwa da layin dogo suka raya shi. Georgetown tana da tashar ruwa mai zurfi da tituna masu faɗi da aka shata wa babban birni, sai dai kasuwa ta gudu zuwa Montague, wani gari da ke kusa da ita.

Inda gundumomin suka daɗe suna da ƙarfi shi ne rabon kujeru. Da aka haɗe majalisu biyu na lardin a 1893, sai aka ba kowace gunduma mazaɓu biyar, kowace mazaɓa wakilai biyu, jimla 30. Sunayen mazaɓun ma lamba ce da sunan gunduma, kamar Kings ta Ɗaya ko Queens ta Biyar. Ɗaya daga cikin wakilan biyu masu dukiya kaɗai ke zaɓensa, har zuwa shekarun 1960. A 1966 aka ƙara wa Queens mazaɓa guda, kujeru suka zama 32. Wannan raba-daidai ya yi wa karkara daɗi ƙwarai: Kings tana riƙe da kujeru 10 alhali jama'arta ba su kai kashi ɗaya cikin shida na lardin ba, ƙuri'ar mutum ɗaya a can ta rinjayi ta mazaunin gefen Charlottetown nesa ba kusa ba. A 1993 kotu ta yanke cewa tsarin ya saɓa wa kundin tsarin mulki, a zaɓen 1996 kuma aka koma mazaɓu 27 masu wakili ɗaɗɗaya. A ganina kotun ta yi daidai, ko da yake kukan mutanen gabas cewa an rage musu murya ba na banza ba ne. Alƙaluman 2021 sun nuna girman tazarar: Queens 89,770, Prince 46,234, Kings 18,327.

Abin da ya rage wa gundumomin a yau shi ne hukumar ƙididdiga ta Kanada tana ƙirga jama'a da su, takardun mallakar fili suna ambaton lambar fegi da gunduma, babbar kotu tana zama a Charlottetown da Summerside da Georgetown, asibitocin Summerside da Montague suna ɗauke da sunayen Prince da Kings. Fegunan ma ba su ɓace ba, akwai ƙauyukan da sunansu kawai lambar da Holland ya rubuta, irin su Lot 16, wato fegi na 16.

Rashin hukuma a matakin gunduma ya bar giɓi. Yanki mai yawa na karkarar tsibirin ba ya ƙarƙashin kowace hukumar gari, gwamnatin lardi ce ke kula da shi kai tsaye daga Charlottetown. Da sabuwar dokar hukumomin gari ta soma aiki a 2017, ba a waiwayi gundumomi ba, sai aka ƙarfafa haɗe ƙananan garuruwa. A 2018 aka haɗa Georgetown da Montague da Cardigan da ƙauyukan kewaye cikin sabon gari mai suna Three Rivers, duk da adawar mazauna karkara da ke tsoron ƙarin haraji. Ta haka hedikwatar gundumar Kings ta rasa majalisarta, ta zama unguwa a cikin wani gari.