Waiwaye: Daga bushiya zuwa ciwon huhu, shekarun da aka saki maruƙa ba allura

Duk lokacin da aka ƙaddamar da allurar rigakafin dabbobi a Jihar Katsina, gardamar nan ce dai ke dawowa. A rediyo za ka ji mai kira yana cewa makiyaya ne ba sa kawo shanunsu. A karar Mai'adua ko ta Charanchi dillali zai rantse maka cewa ciwon huhun shanu daga ƙetaren iyaka yake shigowa. Shi kuma mai garke, in ka same shi a ruga, cewa zai yi an yi wa shanunsa allura bara amma ga shi bana huhu ya kashe masa karsana biyu, to amfanin me ke nan? Kowa da gaskiyarsa. Sai dai duka ukun suna magana kamar matsalar jiya ta faro, alhali an taɓa yin irin wannan gardama a kan wata cutar da ta fi huhu muni, an kuma ga yadda ta ƙare.

Cutar ita ce bushiya, annobar shanu da Turawa ke kira rinderpest. A 1887 ta sauka a Masawa, gaɓar tekun Eritiriya, tare da shanun da sojojin Italiya suka shigo da su. Cikin 'yan shekaru ta ratso Sudan ta iso tafkin Chadi da ƙasar Hausa, kafin 1897 ta kai ƙarshen kudancin Afirka. A wurare da yawa takwas ko tara cikin kowace saniya goma suka mutu. Turai ta daɗe da saninta. Ita ce babban dalilin buɗe makarantar likitocin dabbobi ta farko a birnin Liyon na Faransa a 1761, kuma ɓullarta a Beljiyam a 1920, ta hanyar shanun Indiya da za a wuce da su Brazil, shi ya kai ga kafa hukumar lafiyar dabbobi ta duniya a Faris a 1924. A shekarar ce kuma ɗakin binciken dabbobi na Vom ya fara aiki a ƙasar Filato. Alluran farko suna da wahala: sukan kwantar da dabba, wani lokaci ma su kashe ta. Sai wajen 1960 wani likitan dabbobi ɗan Ingila, Walter Plowright, ya kammala haɗa wata allura a Muguga ta ƙasar Kenya, mai arha, marar illa, wadda sau ɗaya ake yi ta kare saniya har ƙarshen rayuwarta. Wannan duk sananne ne.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne, a Kano aka zauna a 1961 aka tsara yaƙin haɗin gwiwa na farko da cutar a Afirka, wanda aka sani da JP15. Ya fara a 1962 da ƙasashe huɗu na yankin tafkin Chadi, wato Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi, sannan ya yi ta faɗaɗa har ya haɗa ƙasashe 22. Tsarin ba shi da sarƙaƙiya. Kowace saniya a yi mata allura sau ɗaya a shekara, shekara uku a jere, a ɓangarorin iyaka biyu a lokaci guda, don kada garken da ya tsallake a Daura ya ɓuya a Magarya. Ana kafa shinge na itace a bakin mashaya ko kusa da kasuwa, ardo ya tara mutanensa, a riƙa tura shanu ɗaya bayan ɗaya. Mai allura na gefe ɗaya, mai huda kunne na ɗaya gefen, yana cire ɗan yanki mai siffar ganye a kunnen duk wadda aka yi wa, don a gane ta baɗi. Allurar kuwa sai cikin ƙanƙara, daga firji mai kananzir zuwa akwatin sanyi a bayan Landirobar, domin da zarar zafi ya taɓa ta ta zama ruwan banza. An yi wa shanu sama da miliyan 70, kuma cutar ta ɓace daga kusan ko'ina a yammacin Afirka.

A 1976 aka rufe shirin. A ganina nan ne tarihin ya karkata, ba a 1887 ba, ba kuma a 1983 da tsofaffin makiyaya ke yawan ambata ba.

Yarjejeniyar ta tanadi abin da zai biyo baya. Kowace ƙasa za ta ci gaba da yi wa maruƙan da aka haifa allura kowace shekara, ta sa ido, ta kuma sanar da maƙwabta in an ga alamar cuta. A takarda aiki ne ƙarami in an kwatanta da wanda aka gama. A daji kuwa ya fi wuya. Yaƙin shekara uku yana da ranar farawa da ranar gamawa, yana da kuɗin masu ba da tallafi daga waje, da sababbin motoci, da alawus na kwana a daji. Bin maruƙa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Aiki ne na kowace shekara da ba wanda zai ga sakamakonsa, tunda sakamakon shi ne kada komai ya faru. Mota ta tsufa, firji ya lalace, kananzir ya yanke, kuma babu gawar saniya ko ɗaya da za a nuna wa mai rabon kasafin kuɗi a kowace ƙasa a ce ga dalili.

Akwai kuma wani lissafi na cikin garke da ya sa abin ya fi haɗari. Saniyar da aka yi wa allura tana ba ɗanta kariya ta cikin dakashi, kuma kariyar kan ɗauki watanni kafin ta gushe. In aka yi wa maraƙi allura da wuri, kariyar uwar ta kashe allurar, an yi aikin banza. In aka makara, garken ya riga ya tafi cin rani, sai wata shekarar, in an dace. Saboda haka ko inda aka ci gaba da fita, maruƙa da yawa sun zame. Su kuma masu hudajjen kunne suna ta raguwa, wasu an kai kara, wasu tsufa ya ɗauke su. Fari na farkon shekarun 1970 ya ƙara gaggauta abin, domin ya hallaka shanu masu ɗimbin yawa a Sahel, kuma garken da aka sake ginawa bayansa na sababbin haihuwa ne da na saye daga nesa. Cikin shekara biyar ko shida, mafi yawan shanun da ke kiwo tsakanin Katsina da Maraɗi ba su taɓa haɗuwa da cutar ba, ba su kuma taɓa haɗuwa da allurarta ba. Kamar rufin ɗaki ne da gara ke ci ta ciki: daga waje lafiya lau, sai ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi.

Shi ma makiyayi yana da nasa lissafin, kuma ba na wauta ba ne. Wanda ya shekara goma bai ga bushiya ba, me zai sa ya koro shanunsa tafiyar yini guda zuwa shinge, su rasa kiwo, su cuɗanya da garken da bai san lafiyarsa ba? Ga kuma tsohon tsoron nan da jangali ya dasa, cewa duk wanda ya zo ƙidayar shanu da littafi a hannu haraji ne ke biye da shi. Lokacin da mutuwa ke gaban ido, tsoron cuta ya rinjayi tsoron ƙidaya. Da cutar ta kau, sai ma'aunin ya koma inda yake.

Alhali cutar ba ta mutu ba. Ta laɓe a wurare biyu da yaƙin bai kai ga tsabtacewa ba: yankin iyakar Mali da Muritaniya a yamma, da kudancin Sudan da sassan Habasha a gabas. Shirin bai zo da wata hanya ta farautar waɗannan maɓoya ba, domin an gina shi ne a kan yawan allurar da aka yi, ba a kan tabbatar da cewa ƙwayar cutar ta ƙare ba. Ga shi kuma ba kowa ke son bayyana ɓullar cuta ba, tunda sanarwa na iya jawo rufe kasuwa da hana fataucin shanu. Daga ƙarshen shekarun 1970 ta fara motsi, ta bi hanyoyin fatake da na cin rani. Najeriya ta sha ta daga ɓangarori biyu, ta yamma wajen Sakkwato, sannan ta gabas daga Chadi ta Borno, kuma a 1983 abin ya zama annoba. A lokacin Katsina da Daura suna cikin tsohuwar Jihar Kaduna. Waɗanda suka gani suna bayar da labari iri ɗaya: zazzaɓi, hawaye da majina, gyambo a dasashi, sai zawo mai wari, cikin mako guda saniya ta faɗi. Makiyayan da a da ake roƙo su kawo shanu, su ne yanzu ke kwana a ƙofar asibitin dabbobi suna neman allurar da ba ta isa ba. An ƙiyasta asarar Najeriya kaɗai da kusan dala biliyan 2. Mutane da yawa da suka rasa garkensu a shekarar ba su sake komawa kiwo ba.

Sauran labarin bushiya gajere ne. A 1986 aka ƙaddamar da sabon yaƙi na nahiyar baki ɗaya, wannan karon da gwajin jini da bin diddigi. Najeriya ta ga ɓullar ƙarshe a 1987. An samar da allura mai jure zafi wadda ke iya yin wata guda ba ƙanƙara, aka horar da makiyaya da kansu suka riƙa yi wa shanu a kudancin Sudan da yankin Afar na Habasha, inda yaƙi ko nisa ya hana ma'aikata shiga. An ga cutar karo na ƙarshe a 2001 a jikin ɓauna a gandun dajin Meru na Kenya, kuma a 2011 aka ayyana cewa ta ƙare a duniya, cuta ta biyu bayan agana.

To ina ruwan wannan da huhun da ke kashe shanu a Zango ko Baure yau? Ruwa da tsaki. Shekaru da yawa allurar ciwon huhu tana cin albarkacin ta bushiya ne, mota ɗaya, ma'aikata ɗaya, shinge ɗaya, a wasu ƙasashe ma a kwalba ɗaya aka haɗa su. Da aka daina allurar bushiya a ƙarshen shekarun 1990, don a tabbatar cutar ta tafi, sai ta huhu ta rasa abin hawa. Kuma ita ba irin ta Plowright ba ce. Kariyarta ba ta cika wuce shekara guda ba, dole a maimaita, kuma dole a samu mafi yawan shanun yanki, ba garke ɗaya ba. Wato duk aikinta irin na bin maruƙan nan ne da ya gagara bayan 1976, sai dai nata ya haɗa har da manyan shanu.

Cutar ma tana da wayo. Saniya mai huhu takan tsaya ta miƙe wuya, ta buɗe ƙafafun gaba, tana nishi da tari mai ciwo. Mai ita ya je kasuwa ya sayo allurar kashe ƙwayoyin cuta a hannun mai tebur, ya yi mata, ta ɗan farfaɗo. Amma sau da yawa cutar tana nan ƙunshe cikin wani ƙulli a huhun, dabbar na yawo da ita watanni. Mahauta sun fi kowa sani: a buɗe ƙirji a ga ruwa rawaya, huhu ya manne da haƙarƙari, ya yi tauri. Irin wannan saniyar ce ake gaggauta kai wa kara kafin ta rame, daga nan kuma ta shiga sabon garke.

Ƙasashen da suka rabu da ciwon huhu ba da allura kaɗai suka yi ba. Amurka ta gama da shi a 1892, Birtaniya a 1898, Ostareliya a 1973, dukkansu ta hanyar hana zirga-zirgar shanu da yanka masu cutar. Da ya ɓulla a arewa maso yammacin Botswana a 1995, an yanka shanu kusan 320,000 aka biya masu su diyya. Haka Birtaniya ta yi da boru, wato ciwon baki da kofato, a 2001, ta hallaka dabbobi sama da miliyan 6. Masu kawo waɗannan misalai a muhawara sukan manta cewa wasu tsibirai ne, wasu kuma sun kewaye yankunan kiwonsu da waya, sannan aljihunsu ya ɗauki diyyar. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Brazil, wadda ta yi shekaru gommai tana allurar boru a kan ƙa'ida, tare da maƙwabtanta, kafin a amince a 2025 cewa ta kuɓuta har ta daina. Indiya ma ta kama irin wannan hanya da babban shirinta na 2019.

Mu nan iyakarmu da Nijar a buɗe take daga Jibiya har Kongolam, kuma kiwo da fatauci ba su taɓa sanin ta da wani shinge ba. Tun 1998 ƙasashen yammacin Afirka suka amince da takardar shaidar ƙetare iyaka da dabbobi, wadda ya kamata ta nuna yawan garke da alluran da aka yi masa, amma takarda ba ta aiki sai akwai allurar da za a rubuta a ciki a ɓangarorin biyu. Yanzu kuma an samu ƙarin cikas da mutanen 1962 ba su sani ba: akwai sassan dajin Rugu da ma'aikacin dabbobi ba zai shiga da akwatin sanyi ba, ga shanun sata da ake sayarwa a gaggauce ba mai tambayar daga ina suka fito. Garken da ke can ciki yana haihuwa kowace damina, kuma ƙarshenta a kasuwa ɗaya yake haɗuwa da na Mashi da na Daura.