Waiwaye: Yadda baƙin haure mata 'yan Latino suka shiga binciken lafiyarsu a Amurka

A 1975 wasu mata goma 'yan asalin Meziko suka maka likitocin babban asibitin gwamnati na Los Anjalas a kotu, bisa zargin an juya musu mahaifa ba da yardarsu ba. Wasunsu suna tsakiyar naƙuda aka miƙo musu takardar Turanci su sa hannu, alhali Sifaniyanci suke ji. A 1978 alƙali ya ba likitocin gaskiya.

Wanda bai san wannan tarihi ba zai yi ta mamakin yadda baƙin haure mata 'yan Latino, wato 'yan asalin ƙasashen Latin Amurka, suke ɗari-ɗari da duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa da takardar tambayoyi a hannu. Ga tsoron jami'an shige da fice, ga rashin inshora, domin ko dokar lafiya ta Obama ta 2010 ba ta haɗa da marasa takardun zama ba.

Dabarar da ta fara sassauta lamarin daga nahiyar Amurka ta Kudu ta taso. Masana biyu, Paulo Freire na Birazil da Orlando Fals Borda na Kwalambiya, sun dage cewa talaka ba abin nazari ba ne kawai, da shi za a tsara tambayar tun farko. A can kuma aka saba da "promotora", wato mace 'yar unguwa da ake horarwa tana bi gida-gida tana wayar da kan 'yan uwanta kan awon ciki, ciwon suga da gwajin sankarar bakin mahaifa. A shekarun 1980 tsarin ya kama ƙasa a sansanonin leburorin gona na Mishigan da Arizona.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne kwarin Salinas na Kalifoniya, ƙasar latas. A 1999 Jami'ar Kalifoniya ta Bakali, ƙarƙashin Brenda Eskenazi, ta fara bin diddigin masu juna biyu kusan 600, akasari iyalan ma'aikatan gona, da kwamitin mutanen gari a matsayin masu ba da shawara. A 2011 sakamako ya nuna yaran da maganin feshi ya fi yawa a jikin iyayensu mata lokacin goyon ciki sun gaza waɗanda ya fi ƙaranci a jikin iyayensu da kusan maki 7 a gwajin ƙwaƙwalwa suna 'yan shekara bakwai. Daga baya matasan garin da kansu suka taya tsara wani bincike kan 'yan mata 100: kwana uku kacal da canza kayan kwalliya, wasu sinadarai suka ragu a fitsarinsu.

Sai dai a ganina har yanzu da sauran rina a kaba. Kuɗin bincike a hannun jami'a yake, sunan farfesa ke kan rahoto, ita kuwa promotora da ta sha rana tallafi na ƙarewa aikinta ya ƙare. Sai a Yulin 2022 inshorar talakawa ta Kalifoniya ta fara biyan kuɗin irin wannan aiki.