Maƙabartar Bet She'arim

Bet She'arim tsohon gari ne a yankin Galili, kimanin kilomita 20 daga birnin Haifa, a arewacin Isra'ila ta yau. An fi saninsa da maƙabartarsa, wadda aka sassaƙa a cikin duwatsu, kogo bayan kogo, fiye da 30. A shekarar 2015 UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya.

Bayan da Rumawa suka murƙushe tawayen Yahudawa ƙarƙashin jagoransu Bar Kokba a shekarar 135, sun hana Yahudawa zama a birnin Ƙudus, binne gawa a Dutsen Zaitun kuma ya gagara. Malamansu suka koma Galili. Da babban malaminsu Yahuda HaNasi, wanda ya tattara littafin shari'ar nan Mishna, ya rasu a farkon ƙarni na 3, a Bet She'arim aka binne shi. Daga nan masu hali suka riƙa neman a kwantar da su kusa da shi.

Benjamin Mazar ya fara tono wurin a 1936, Nahman Avigad ya ci gaba a shekarun 1950. An samu rubuce-rubuce kusan 300 a jikin bango da kaburbura, kuma a nan darajar wurin take ga masana tarihi. Littattafan malamai da Ibrananci da Aramiyanci aka rubuta su, amma mafi yawan rubutun kaburburan da Girkanci ne. Wato harshen da iyali suka zaɓa don ambaton mamacinsu shi ne harshen kasuwa da titi na daular Rum ta gabas. Rubutun ya kuma faɗi inda mutane suka fito: Tadmur a Siriya ta yau, Sur da Saida da Beirut a Lebanon ta yau, Antakiya a Turkiyya ta yau, har da Himyar a Yaman. Wasu kaburburan na ɗauke da gargaɗi cewa duk wanda ya buɗe su zai yi mummunan ƙarshe, alamar cewa ɓarayin kabari sun addabi mutanen wancan zamani.

Kogo na 20 shi ne mafi girma. A cikinsa akwai akwatunan gawa na dutse fiye da 130, wasu an rubuta musu sunayen malamai da iyalansu. Ga fitila mai rassa bakwai, alamar addininsu, ga kuma zakuna da gaggafa da kawunan bijimai, har da surorin tatsuniyoyin Girka a jikin gutsattsarin marmara. Wanda ya dogara da littafi kaɗai zai zaci haramcin sura ya hana duk wannan, duwatsun kuwa sun nuna yadda aka yi a aikace.

Sai dai a yi hattara: mai dukiya ne ke iya sayen akwatin dutse ko biyan kuɗin ɗauko gawa daga Yaman, don haka ba kasafai ake jin muryar talaka a kogunan ba. A kogo na 14 an ga sunayen Gamaliyel da Shimon, sunayen 'ya'yan Yahuda HaNasi, shi ya sa masana da dama ke ganin nan ne kabarin iyalinsa.