Matatar ruwa a gida: wacce ta dace da ruwan da kuke sha a Yamai?

Ruwan pampo da aka riga aka tace, me zai sa a sake tace shi?

Ruwan da ake rabawa a Yamai daga kogi ake jawo shi, a tace a Goudel da Yantala, a sa masa jabel. Ɓacinsa yawanci a hanya ne: bututu ya tsage, ruwa ya ɗauke, ya dawo da laka, ko a saya wurin mai garuwa a bidon ɗin da ya daɗe bai ga wanki ba. Kafin a je kasuwa, a zuba ruwan a kofin gilashi, a bar shi ya kwana. In ƙasa ta kwanta, matsalar laka ce. In ya fito garau amma da safe ya yi ja, ƙarfe ne, kuma an fi ganinsa a ruwan foraji.

To wacce zan saya?

Ga yawancin gidaje, matata mai bokiti biyu da kyandir na yumɓu a tsakiya. Ba ta son wuta, ba ta son ƙarfin pampo. Kyandir ɗaya na ba da lita 1 zuwa 2 a awa, don haka gida mai mutum takwas ya nemi mai kyandir biyu ko uku, a cika ta da dare. Tana tare laka, ƙwan tsutsa da galibin ƙwayoyin da ke kawo zawo, amma ƙananan nan irin na ciwon shawara suna iya wucewa. Lokacin da kwalara ko shawara ke yawo, a ƙara Aquatabs, ƙwayar jabel ta tsabtace ruwa, bayan tacewa, irin ƙwaya ɗaya ga lita 20, a jira minti 30, ko a tafasa.

Matatar gawayi kuwa aikinta ɗanɗano ne da warin jabel. Ba ta kashe ƙwayar cuta. In ta wuce wata 3 zuwa 6 ba a canza gawayin ba, ita kanta takan zama gidan ƙwayoyin.

Mai shago ya ce injin osmos, mai tura ruwa da ƙarfi ta cikin wata matata mai ramuka ƙanana ƙwarai, ya fi komai. Haka ne?

Ya fi tacewa, gaskiya ne, amma ba kowa ke bukatarsa ba. Shi kaɗai cikin waɗannan ke rage gishiri da sinadaran nitrat da fuluwo da ke narke a ruwa. Fuluwo ba abin wasa ba ne: a Tibiri ta Maradi, ruwan foraji mai fuluwo da yawa ya lalata haƙora da ƙasusuwan yara. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram 1.5 a lita, nitrat kuma 50. Ido ba ya ganinsu, tafasawa ba ta cire su, sai ma ta ƙara musu kauri. Mai rijiya ko foraji, musamman kusa da shadda, ya kai ruwansa a auna tukuna.

Sai dai injin yana son ƙarfin ruwa wajen bar 3 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin ruwan pampo), in babu sai da ƙaramin pampo na lantarki, kuma duk lita ɗaya da ya ba ka yakan zubar da uku ko huɗu. A watan Afrilu, da zafi da ɗaukewar wuta, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne. Ruwan da ya zubar a tare shi don wanki.

Ruwan ya daina sauka a matata mai bokiti biyu, ta lalace ke nan?

A'a, laka ce ta toshe kyandir. A kwance shi, a goge da buroshi mai laushi a ruwa mai tsabta, ban da sabulu ko omo. In ruwan na da kauri, a sa masa ɗan alif ya kwanta kafin a zuba. Abin tsoro shi ne akasin haka: ruwa ya riƙa zuba da sauri. Wannan tsagewa ce, ko robar gindin kyandir ta saki, sai a canza. Shi ya sa kafin biyan kuɗi a tambayi mai shago ko yana da kyandir na canji, a ga shi da ido.

Zan iya juye ruwan a randa don ya yi sanyi?

Za ka iya, in randar na da murfi kuma an sa mata ɗan pampo a gindi. In moɗa ɗaya ce kowa ke tsomawa, yara su sha su ajiye a ƙasa su mayar, ruwan ya koma yadda yake kafin a tace.