Tirelar kwana ba ta da inji, amma a wurin duwan abin hawa ce

Duk wanda ya bi hanyar Tawa zuwa Abalak ko Cintabaradan lokacin da ake aikin hanya ko haƙar rijiyar burtsatse ya san inda ma'aikata ke kwana: ƙarƙashin babbar mota, ko cikin rumfar tamfol da iska ke kaɗawa har asuba. Shi ya sa 'yan kwangila, da likitocin dabbobi masu bin makiyaya cikin Azawak, da 'yan'uwanmu da suka daɗe a Faransa ko Beljiyam suke sha'awar karaban, wato tirelar nan mai gado da ɗan kicin da banɗaki wadda mota ke ja. Tsohuwarta ba ta da tsada sosai a Turai. Sai mutum ya ga hotonta a waya, ya aika kuɗi, yana lissafin cewa tunda ba ta da inji, kaya ce kawai kamar katifa ko firij. Daga wannan lissafin asara take farawa.

Kundin da hukumomin duwan, wato kwastan, na duniya ke rarraba kaya da shi ya saka tirela a babi na 87, babin ababen hawa. Tirelar kwana tana da lambarta ta kanta, 8716.10. Tirelar ɗaukar kaya tana 8716.39, tankar da ake ja tana 8716.31. Motar da aka mayar da cikinta ɗaki, mai injinta da sitiyarinta, ita kuma ta koma 8703 tare da ƙananan motoci. Wannan lamba ce ke faɗin kuɗin da za a biya, don haka kada ka yarda a rubuta maka wata wai don a rage haraji. Ranar da aka buɗe aka ga gado da murhun gas a cikin abin da aka ce tirelar kaya ce, laifin bayanin ƙarya yana wuyan mai kaya, da tara a kai.

Kafin ka biya ko dala, ka amsa tambaya ɗaya: wannan tirela zama za ta yi a Nijar, ko baƙunta ta zo? Dokar duwan, wadda ta haɗa kundin 2001 na UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, da kundin ƙasa na 2018, ta ba kowanne ƙofarsa, kuma ba a shiga ta wannan a fita ta waccan sai an koma ofis an sake takarda.

Mu fara da mai zama. Ana lissafin haraji ne a kan abin da ake kira darajar CAF: kuɗin saye, da kuɗin inshorar tafiya, da kuɗin dakon da aka biya. Mutane da yawa suna mantawa da dakon, alhali a kan abu mai girma irin wannan yakan kai kuɗin sayen ko ya kusa. Jadawalin haraji na bai-ɗaya da ya fara aiki a Afirka ta Yamma ranar 1 ga Janairun 2015 yana da matakai biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari, kuma kashi 20 shi ne matakin kayan da aka gama ƙerawa don amfanin mutum. Mu yi lissafi da shi. A ce darajar tirelar ta tashi sefa miliyon 5. Harajin shigowa miliyon 1. Kuɗin ƙididdiga kashi 1, jika 50. Sannan TVA, wato harajin sayen kaya, wadda a Nijar kashi 19 ce, kuma ba a kan miliyon 5 ɗin kaɗai ake ɗora ta ba, a kan jimillar darajar da harajin da aka riga aka ɗora ne: kashi 19 na 6,050,000 ya ba da 1,149,500. Ka ga an kusa miliyon 2 da jika 200 tun ba a zo kan ƙananan kasonnin ba, irin na UEMOA da kuma kashi 0.5 da ƙasashen AES, wato Nijar da Mali da Burkina Faso, suka sanya a watan Maris na 2025 a kan kayan da ke shigowa daga waje. Ba a saka ladan taranzite, wato dillalin duwan, ba, ba a saka kuɗin ajiya a tashar jirgi ba. A taƙaice, wanda ba shi da kusan rabin darajar tirelar a ajiye a gefe bai shirya shigo da ita ba.

Sau da yawa mai sayarwa a can zai ce, "Alhaji, in rage maka kuɗin a takarda?" Kada ka karɓa. Doka ta ce a yi aiki da ainihin abin da aka biya, amma ta ba jami'in duwan ikon neman ƙarin shaida idan farashin bai kwanta masa ba, ya duba shekarar ƙira da yanayin tirelar da abin da irinta ke tashi. In ka biya ta banki, takardar bankin ce za ta tsaya maka. In ka aika kuɗin ta hannun wani matafiyi, to bakinka ne kawai shaidarka.

Wani abu da ke ruɗar mutanen Tawa musamman shi ne kusancinmu da Najeriya. Daga Kwanni zuwa Illela taku kaɗan ne, Sakkwato ma ba nisa, kuma akan samu tirelar da aka shigo da ita ta Legas aka biya mata kwastan a can. Mai saye sai ya ɗauka an gama. Harajin da aka biya a Legas na baitulmalin Najeriya ne, ba ya biya wa kowa bashi a Kwanni. Rangwamen cinikayya tsakanin ƙasashen yankin na kayan da aka noma ko aka ƙera a cikin yankin ne, masu takardar shaidar asali. Tirelar da aka ƙera a Jamus ko Amurka 'yar Jamus ce ko Amurka, ko da ta shekara goma a Kano.

Batun hanya kuma ya sauya sosai. Da can abu ne sananne: jirgi ya sauke a Kwatano, a bi Faraku, Malanbil, a haye gada zuwa Gaya, sai Doso. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyakar, kuma ko da CEDEAO ta janye takunkuminta a Fabrairun 2024, Nijar ta bar nata gefen gadar a rufe. Kaya suka koma bi ta Lome, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori su shigo ta Tera cikin ayarin da sojoji ke rakawa, tafiya mai tsawo da jira mai yawa. Iyakar Najeriya an sake buɗe ta a Maris na 2024. Saboda haka ka san hanyar da ke buɗe kafin ka zaɓi tashar da jirgi zai sauke. Duk wadda aka bi, tirelar tana ratsa ƙasar bakin teku ne da takardar taranzi: ba a biyan harajin shigowa a can, amma ana ajiye lamuni, ana ba da wa'adi da hanyar da za a bi, kuma sai ofishin da aka nufa ya shaida isowarta kafin a sauke nauyin. A ganina, a ɗora ta a kan babbar mota ya fi a ja ta. Tayoyi da ƙafar karaban na Turai ba don irin wannan tafiya aka yi su ba. Kuma yawancinsu ba sa shiga kwantena, domin faɗin cikin kwantena bai wuce mita 2.35 ba, sai dai jirgin dakon motoci.

Takardun ba su da yawa, amma kowace sai ta yi daidai da 'yar'uwarta: takardar ciniki, takardar mallaka ta ƙasar da ta fito, takardar lodin jirgi, da takardar bin sawun kaya ta BSC da CNUT, hukumar masu amfani da sufuri ta Nijar, ke bayarwa. A Faransa, karaban da nauyin da aka yarda mata ya wuce kilo 500 tana da kart giris, wato takardar rajista, nata na kanta, dabam da na motar da ke janta. In mai sayarwa ya ce babu, ka tsaya ka bincika. Abin da ya haɗa takardun nan duka shi ne lambar shasi, haruffa da alƙaluma 17 a tirelolin zamani. Tana kan wani ɗan faranti a ƙarfen gaba, wanda ake maƙalawa a mota, daidai inda laka da tsatsa ke taruwa. Jami'in duwan zai tsuguna ya goge wurin da yatsa, yana karantawa ɗaya bayan ɗaya, takarda a ɗayan hannunsa. In 8 ta zama B, ko sifili ya zama wani harafi a takardar jirgi, tirelar za ta zauna a fili tana cin kuɗin ajiya har a gyara daga can inda aka yi lodi. Ka sa a ɗauko maka hoton farantin nan tun kafin a rubuta komai.

Bayanin shigo da kayan kuwa dillalin duwan mai lasisi ne ke shigar da shi a na'urar SYDONIA. Ka nemi ganin lasisinsa, ka kuma karɓi rasit na ainihi mai lambar shasin tirelarka, ba kwafin da aka ce za a kawo na gaske gobe ba.

Akwai ɗabi'ar da ta zame mana jiki, ta cika duk abin hawan da ya taso daga waje da kaya: tayoyi, janareta, farantan sola, kwalayen tufafi na 'yan'uwa. Ba laifi ba ne, amma abin da aka gina a jikin tirelar ne kaɗai ke bin lambarta. Sauran kowanne da nasa layi a takarda da nasa haraji. Wanda ke dawowa gida gaba ɗaya yana fatan rangwamen kayan ƙaura, ya nemi izinin a rubuce kafin kayan su iso. Mutum ba ya yanke wa kansa wannan rangwame a bakin iyaka. Tukwanen gas kuma a cire su tun a can, kamfanonin jirgi na lissafa su cikin kaya masu haɗari.

Bayan duwan sai lambar Nijar da kart giris, sai inshora. Sashe na 200 na kundin inshorar CIMA, dokar inshora ta bai-ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka wadda Nijar ke aiki da ita, ya ambaci tirela da sunanta cikin abin da dole a yi wa inshora. Inshorar motarka ba ta rufe abin da kake ja don kawai kana jan sa. Ka je a rubuta shi. In za ka ƙetara iyaka da ita, ka sa a nuna maka ƙasashen da takardar ta ƙunsa. Farmi, wato lasisin tuƙi, ma haka: yarjejeniyar zirga-zirga ta Biyana ta 1968 ta ja layi a kilo 750, abin da ya haura nan ya fita daga ƙaramar tirela, kuma karaban ta iyali takan kai kilo 1,000 zuwa 2,000. Karaban ta Amurka kuma tana da nata rigima: wutarta ta bolt 120 ce alhali tamu 220, birkinta na lantarki ne da ke buƙatar wata na'ura a cikin motar, ƙwallon maƙalarta kuma inci 2 ne ko fiye, na Turai milimita 50. Bambancin na inci 2 da na Turai bai kai milimita ɗaya ba, amma ya isa ya hana maƙala kullewa, ko ya bar ta tana wasa.

Yanzu ga ƙofar baƙo, wadda ita ce ta fi damuna. Mutumin da mazauninsa ke wata ƙasa, Bature ne mai yawon buɗe ido ko ɗan Tawa da ke zaune a Liyon ya zo hutu, yana iya shigowa da motarsa da tirelarsa ba tare da biyan haraji ba, bisa alkawarin zai fita da su. Tsari ne tsoho. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1954 kan shigo da motocin kai na ɗan lokaci ta haɗa har da tirela. Ana yinsa da lesefase da ofishin iyaka ke bayarwa, ko da littafin karne da ƙungiyoyin masu motoci ke fitarwa na shekara guda, mai shafin shiga da shafin fita, bayan an ajiye jingina a ƙasar mai shi. Sharuɗɗan a bayyane suke: ba a sayarwa, ba a bayar da haya, ba a bar wa mazaunin ƙasa ya riƙa aiki da ita, ba a wuce wa'adi. Kuma tirelar sai an rubuta ta da lambar shasinta, ba a ce tana bin motar ba.

Ga yadda abin ke lalacewa. Hutu ya ƙare, mai tirela ya ga wahalar komawa da ita, ga kuma ɗan kwangila yana so. Aka yi ciniki a zaure, aka yi shaidu, aka yi addu'a. "Yaya, takardun fa?" "Kada ka damu, ƙanena, da hannuna na shigo da ita ta Kwanni, ga hatimi." Hatimin gaskiya ne, amma na baƙunta ne, kuma yana da ranar mutuwa. Mai sayarwa ya hau jirgi ya tafi. Wata shida ko shekara bayan nan, a wani shingen duwan kan hanyar Agadas, aka nemi rasit, babu. A idon doka tirelar nan kaya ce da ba a biya mata haraji ba, ana iya kama ta, a nemi harajin, a ƙara tara, kuma wanda aka same ta a hannunsa shi zai fara amsa tambaya. Can kuma jinginar mai karne ta maƙale saboda shafin fita ba shi da hatimi. Mutum biyu da ba su yi niyyar cutar juna ba sun yi asara, zumunci ya yi tsami.

Alhali hanyar halal tana nan, kuma ba ta da wuya. Kafin wa'adin ya cika, mai tirelar ya je ofishin duwan da kansa ya ce yana so ya bar ta a ƙasa. A rufe takardar baƙunta, a shigar da sabon bayani, a biya harajin nan da muka lissafa, a ba da rasit, sannan a yi cinikin. Su biyun su daidaita tun farko wa zai ɗauki harajin, a cire shi daga farashi in ya kama. In wa'adi ne ya matso kuma tafiya ba ta yiwu ba, ƙari ake nema tun takardar tana da rai. In hatsari aka yi ko gobara, a kira jandarma su rubuta, a kai wa duwan rahoton, domin ko tarkacenta ne suka rage, sunanta yana nan a rajista har sai an soke shi.