Matsalolin taimin da altaneta a gyaran mota na gida

Taimin da altaneta na cikin abubuwan da suka fi rikita mai gyaran motarsa a gida, domin aikinsu daban ne amma alamar lalacewarsu kusan ɗaya ce: mota ta ƙi tashi, ko ta riƙa rawa a sulo, ko ta mutu a tsakiyar hanya. Taimin shi ne daidaiton lokaci tsakanin fistin, bawul da tartsatsin filogi. Altaneta kuwa ƙaramar janareta ce da inji ke juyawa, tana ba mota wuta tana kuma cajin batir. Asarar da aka fi yi a wannan fanni ita ce sayen sabon kaya kafin a auna, alhali mitar auna wuta da littafin motar kan isa a gane mai laifi.

Yadda taimin yake

Injin fetur na mota na aiki da bugu huɗu: zuƙar mai da iska, matsewa, ƙonewa, sai fitar da hayaƙi. Nikolaus Otto ne ya ƙera injin da ya tabbatar da wannan tsari a Jamus a 1876. Kafin bugu huɗun su cika, karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, kan yi juyi biyu, kamshaf mai buɗe bawul kuma juyi ɗaya tak, kuma bel ko sarƙar taimin ce ke tsare wannan lissafi. Wannan shi ne taimin na bawul. Na biyu shi ne taimin na wuta, wato lokacin da filogi zai yi tartsatsi, ana kuma auna shi da digiri kafin fistin ya kai ƙololuwa. Da yake fetur na ɗaukar ɗan lokaci kafin ya kama da wuta sosai, tartsatsin kan riga fistin isa sama, kuma yana ƙara gaggawa idan inji ya ƙara gudu.

Tarihi

A motocin farko direba ne ke saita taimin da hannunsa. Ford Model T, wadda ta fito a 1908, tana da liba a jikin sitiyari don haka, kuma dole a jinkirta wutar kafin a murza ƙarfen tayar da inji. Wanda ya manta, injin kan juyo da baya ya bugi hannunsa, har karaya an sha samu. Wajen 1910 Charles Kettering da kamfaninsa na Delco a Amurka suka fito da tsarin kwayil (mai ƙara ƙarfin wuta) da distiributa (mai raba wutar ga filogi) mai aiki da batir, Cadillac ta fara amfani da shi. Daga baya aka sa wa distiributa ƙananan nauyi masu buɗewa da gudun inji, da wata leda mai aiki da zuƙar iska, har taimin ya koma gyara kansa. Wannan tsari ya yi shekaru kusan sittin yana mulki, kuma shi ne ya fi kowanne sauƙin gyara a gida, tunda komai nasa ido na gani.

A shekarun 1970 na'urar lantarki ta maye gurbin kwantak, wato ɗan makunnin da ke haɗa wuta yana katse ta a cikin distiributa, sannan kwamfutar inji ta karɓe aikin gaba ɗaya, tana dogaro da sanso na karanshaf da na kamshaf, wato ƙananan na'urorin da ke sanar da ita juyinsu. Daga 1996 dokar Amurka ta tilasta tsarin OBD-II, wanda ke ba da lambar matsala ga duk mai na'urar karantawa.

Bel ɗin roba mai haƙora ya zo a makare. Ana yawan ambaton Glas 1004 ta Jamus, ta farkon shekarun 1960, a matsayin motar kasuwa ta farko da ta yi amfani da shi, Fiat da Pontiac suka biyo baya wajen 1966. Tsakanin bel da sarƙa wanne ya fi, har yau masu ƙera motoci ba su yi matsaya ɗaya ba.

Binciken taimin

A mota mai distiributa ana amfani da fitilar taimin. Ana bari inji ya yi zafi, a maƙala ta a wayar filogin silinda ta ɗaya, a cire tiyon iska na distiributa a toshe shi idan littafin motar ya ce a yi haka, sannan a haska makin da ke jikin fulin karanshaf. Shafa wa makin farin alli na sa ya fito fili. Fitilar na walƙiya daidai lokacin tartsatsi, sai makin ya zama kamar ya tsaya cak a gaban sikelin digiri. In ya kauce, a sassauta notin distiributa a murza ta kaɗan-kaɗan. Wutar da ta yi gaggawa da yawa kan sa inji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman a hawan tudu, kuma tana iya cinye fistin. Wadda ta yi jinkiri kan kashe ƙarfin mota, ta sa zafi da shan mai. A motocin kwamfuta babu abin murzawa, sai dai a duba sanso da wayoyinsu. Lamba P0016 na nufin karanshaf da kamshaf ba su jitu ba.

Bel ɗin da ya tsallake haƙori ɗaya ya isa ya sa inji rawa. Ana cire murfin taimin, a juya karanshaf da sifana ta inda inji ke juyawa, a ga ko makunan sun hau kan juna. Bayan an ɗaura sabo, wajibi ne a juya inji da hannu sau biyu cikakku a sake duba makunan kafin a taɓa makulli. Bel ɗin da ya tsinke ana gane shi a kunne: sitata na juya inji da sauri fiye da kullum, babu nauyin matsewa. A injunan da bawul da fistin ke ratsa wuri ɗaya, tsinkewar kan lanƙwasa bawul, ci gaba da murza makulli kuwa ƙara ɓarna ne kawai. Yawancin kamfanoni na sa wa'adin canji tsakanin kilomita 100,000 zuwa 160,000, ko bayan wasu shekaru, ana kuma canza tenshona, mai tsuke bel ɗin, da famfon ruwa tare. Sarƙa kan yi kwaramniya da sanyin safiya idan ta saki.

Altaneta

Kafin zuwan altaneta, dainamo ake amfani da shi, wani tsohon nau'in janareta wanda ba ya caji sosai a sulo. Samuwar dayod na silikon mai araha ce ta buɗe wa altaneta hanya, Chrysler ta sa ta a Valiant a 1960, sauran kamfanoni suka bi. A cikinta akwai rota mai juyawa, da naɗin waya uku a kewaye, da dayod aƙalla shida masu miƙar da wutar ta dace da batir, da burushi biyu, da raguleta mai tsare ƙarfin wuta.

Gwajin farko da mita ne a kan batir. Cikakken batir, inji a kashe, kan nuna kusan bolt 12.6. Inji na aiki ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.7, kuma kada ya faɗi ƙasa sosai in an kunna fitilu da fanka. Abin da ya haura 15 na nuna raguleta ta lalace, tana dafa batir. Wasu sababbin motoci kan rage caji da gangan don tattalin mai, don haka ƙaramar lamba a cikinsu ba hujja ba ce ita kaɗai.

Kafin a yanke wa altaneta hukunci ana duba bel ɗinta, da kan batir ko ya yi tsatsa, da wayar da ke haɗa inji da jikin mota, da babban fiyus. A tsofaffin motoci wutar da ke tayar da altaneta ta cikin ƙwan alamar batir na dashbod take bi, don haka ƙonewar wannan ɗan ƙwai kaɗai na iya hana caji. Dayod da ya lalace kan zuƙe batir cikin dare. Tsohuwar dabarar nan ta cire kan batir inji na aiki don a ga ko zai mutu, gadon zamanin dainamo ce, kuma a motar yau tana iya ƙona dayod da kwamfutar inji. Bai kamata a yi ta ba ko sau ɗaya.

Inda matsalolin ke haɗuwa

Idan caji ya yi ƙasa tartsatsi kan yi rauni, inji ya riƙa tsallake kamar taimin ne ya kauce. Dayod mai yoyo kuma na iya dagula saƙon sanso na karanshaf, kwamfuta ta fitar da lambar da ba ta nuna ainihin ciwon ba. A wasu injuna, zaren bel ɗin altaneta da ya yage kan shige ƙarƙashin murfin taimin ya sa bel ɗin ciki tsallake haƙori. Saboda haka makanikai ke fara auna batir da caji kafin su buɗe murfin taimin. Duk aikin kwance altaneta kuma ana fara shi ne da cire kan batir na nagatib, domin babbar wayarta na ɗauke da wuta ko da an zare makulli.