Me ke sa aiki ya maƙale tsakanin sassan ofis?

Kowa yana zuwa aiki, amma abin da aka tsayar a taro ba ya motsi. Ina matsalar take?

Galibi ba lalaci ba ne. An tashi taro an ce "za a rubuta rahoto", ba a faɗi wa zai rubuta ba, ba a sa rana ba. Duk aikin da aka ambata, sakataren taro ya rubuta abu uku a gabansa: sunan mutum ɗaya, ranar da zai kawo, da wanda zai karɓa daga hannunsa. Sunan mutum fa, ba na sashe ba. In aka rubuta "sashen kuɗi", akawu zai ɗauka oga ya yi, oga ya ɗauka akawu ya yi, fayil kuwa yana nan kan tebur yana shan ƙura.

Taro nawa ya kamata a riƙa yi?

Ɗaya a mako ya wadatar, na minti 15, a tsaye. Kowa ya faɗi abin da ya gama, abin da ke gabansa, da abin da ya tare masa hanya. Maganar da ta shafi mutum biyu kaɗai, su tsaya su ƙarasa bayan an watse. A Abuja kada a sa taron Litinin ƙarfe 8, domin masu fitowa daga Mararaba, Nyanya ko Kubwa suna cikin cunkoso. Ƙarfe 10 ya fi. Bayan sallar Juma'a kuwa, kujeru za a yi wa jawabi.

Yaya ake tsara aikin da ya ratsa sassa da yawa?

A fara lissafi daga ranar ƙarshe a dawo baya. A ce za a yi bita ranar 30 ga wata. Takardun gayyata su fita da mako biyu, wato an riga an kama ɗakin taro, wato kuɗi sun fito kafin nan. A ma'aikatar gwamnatin tarayya nan ne gizo ke saƙa: sayen kaya yana bin dokar saye-saye ta 2007, kuɗi kuma suna asusun bai ɗaya na TSA, kowane mataki da sa hannunsa. Saboda haka a zauna da sashen saye-saye da na kuɗi tun ranar farko, su faɗi kwanakin da suke bukata da bakinsu, a ƙara kwana uku na ko-ta-kwana.

Zauren WhatsApp bai isa ba?

Ya isa a tuna wa juna. Amma shawara tana nutsewa cikin gaisuwa da sanarwar ɗaurin aure. A buɗe jadawali ɗaya a Google Sheets mai layin aiki, mai alhaki, rana da inda aka kwana, kowa ya sabunta nasa kafin taro.

In ƙaramin ma'aikaci ya ga ba zai gama kan lokaci ba, amma yana jin nauyin faɗa?

Gyaran yana hannun shugaba. A gaban jama'a "ina kai, ranka ya daɗe" kawai zai ji. Ya kira shi gefe kwana biyu kafin wa'adi, ya ce ya nuna masa inda ya kai, sannan ya tambaye shi sa hannun wa yake jira.